Maganin Kofur

Kowace safiya, kafin Mai Tayil ya saɓa jakar kayan aikinsa, sai mahaifinsa ya kira shi daga bakin ɗaki.

"Auta, zo ka ara min idonka."

Shekararsa arba'in da shida, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya huɗu, amma a bakin Baba har gobe Auta ne. Sai ya je ya tsuguna, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya ɗaga leɓen karen da ɗan yatsa ya duba dasashinsa. Baba yana zaune a kujerar roba, hannu ɗaya a wuyan karen, fuska a sama irin ta wanda ido ya daɗe da barinsa.

"Yaya?"

"Da sauƙi, Baba. Ya fara ja."

"Ja irin na me? Kar ka yi min ja irin na 'yan kasuwa."

"Irin na cikin kankana, wajen kusa da ɓawo."

"To, muna tafe. Kofur, ka ji ko? Ka kusa zama Saje."

Kofur jan kare ne mai faɗin ƙirji. Da shi Baba ya yi gadin sito kafin ido ya tafi, da shi kuma ya dawo gida. Yanzu shi ne ke kai tsohon ko'ina. Baba ya riƙe igiya, kare ya shige gaba, su je inuwar bakin titi, su je shagon mai aski a yi hira, su dawo. In sun zo bakin kwata sai Kofur ya tsaya cak har sai Baba ya laluba da sanda. In ba Kofur, duniyar Baba daga gado ce zuwa kujerar roba.

Mako uku ke nan da karen ya kwanta ya ƙi abinci, fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara. Suka kai shi wurin likitar dabbobi, wata siririyar mace mai tabarau wadda ba ta da wasa a bakin aiki. Ta ɗebi jininsa, ta zuba a bututun gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya, ta sa a inji ya juya, sannan ta ɗora a kan ma'auni.

"Sha takwas," in ji ta. "Lafiyayyen kare arba'in yake kaiwa, ko kusa da haka. Ba tsutsa ba ce, Baba, ba kaska ba ce, ba kuma yunwa ba. Sojojin da ke tsaron jikinsa ne suka ɗauki jininsa abokin gaba, suna ta kashe shi."

"Tawaye a bariki ke nan," in ji Baba.

"Shi ne. Wannan ƙwayar ita za ta kwantar da su. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ko sau ɗaya kar a tsallake. Duk mako ku kawo shi in auna. Kullum da safe a duba dasashi, in ya yi fari ko rawaya, ku bar abin da kuke yi ku taho. Kuma zai riƙa shan ruwa kamar raƙumi, ya yi ta fitsari, ya yi ta ci. Kar ku tsorata, aikin maganin ne."

Baba ya karɓi aikin da kansa. Ya juye ƙwayoyin a gwangwani ya ajiye ƙarƙashin matashinsa, yana ƙirga su da yatsa, yana cusa kowace a cikin gutsuren burodi. Mako na biyu lambar ta hau ashirin da biyar. Na uku ta kai talatin. Kofur ya tashi, ya koma jan igiya.

Mai Tayil ya san ƙwayar nan tun ranar da ya ga sunanta a jikin ambulan ɗin da likita ta zubo ta ciki. An taɓa rubuta masa ita a asibiti don gwiwa, ya yi kwana goma yana tafiya kamar saurayi. Da aka gwada shi aka ga suga, likita ya hana shi ita, ya ce ko a mafarki. Mai kemis kuma ya ce sai da takarda.

A wannan watan aikin wani babban ɗakin taro ya samu, daɓe mai faɗi kamar filin ƙwallo. Mai shimfiɗa tayil kuwa da gwiwa yake cin abinci. Tun safe yana durƙushe a kan guntun soso, ya shafa siminti, ya ɗora, ya bubbuga da gudumar roba, ya ja jiki baya, ya sake. Kafin azahar gwiwarsa ta dama ta kumbura kamar an cusa lemo a cikin wando. In zai miƙe sai ya dafa bokiti. Ɗan kwangila ya tsaya a kansa yana kallo, hannu a aljihu.

"Malam, in gwiwar ta ƙi, ka faɗa min, ba faɗa ba ne. Masu gwiwa suna nan bakin ƙofa suna jira."

Washegari, Baba yana banɗaki, Mai Tayil ya shiga ɗakinsa ya ɗaga matashi. Guda ɗaya, in ji shi a ransa. Da yake ya san tsohon yana ƙirgawa, sai ya jefa wata a madadinta, daga ragowar ƙwayar ƙarin jini da aka ba matarsa lokacin cikin autarsu. Girmansu ɗaya. Waccan fara ce, wannan rawaya, amma yatsa ba ya ganin launi.

Kwana biyu kumburin ya saɓe. Ya shimfiɗa layi goma sha huɗu a yini ɗaya, ɗan kwangila har da dafa masa kafaɗa. Kafin mako ya ƙare babu farar ƙwaya ko ɗaya a gwangwanin Baba. Duk suna cikin ambulan ɗinsu na asali, a aljihun rigar Mai Tayil.

Matarsa ce ta fara gani. Tana shara ta hango Baba yana cusa ƙwaya a burodi. Ta jira mijin ya dawo, ya wanke simintin hannunsa, sannan ta tura yara waje.

"Baban yara, ƙwayar da na gani a hannun Baba rawaya ce. Ta likita fara ce."

"To?"

"To me? Tawa ce."

"Taki ta mece ce?"

"Ta ƙarin jini."

"Shi kuma karen me ke damunsa?"

Ta kau da kai gefe.

"Faɗi mana. Ƙarancin jini. Jini ya ragu, an ba shi na ƙarin jini, ina laifin? Ke da kika sha ba ki tashi ba? Kuma ai ya warke, kina gani yana yawo. Su likitocin nan ba sa son a ce an warke."

Ta juya maganar a ranta, ta ga ta yi mata daidai.

"Ni dai tun kwana huɗu na ga fitsarin nan ya ragu a tsakar gida. Da, sau biyar nake wanke daɓe, ko inda zan shimfiɗa sallaya babu. Kuma dai kare ne. Ba za a bar mai ciyar da gida yana jan ƙafa ba, dabba tana shan magani." Ta ɗan rage murya. "Amma in Baba ya gane fa?"

"Baba ba ya gani."

Da maganar ta fita daga bakinsa sai ya ji ta kamar wani ne ya faɗa. Ya tashi ya ɗebi ruwa a randa ya sha kofi uku a tsaye.

Ranar awo ta zo. Likita ta ɗora bututun a kan ma'auni, ta cire, ta sake ɗorawa.

"Ashirin da huɗu. Mun koma baya. Baba, ana ba shi kullum kuwa?"

"Da hannuna, 'yata. Na sha makara da sallah, amma ban taɓa makara da wannan ba."

"Malam, dasashin fa?"

"Lafiya lau nake ganinsa," in ji Mai Tayil, idonsa a kan hoton ƙasusuwan doki da ke jikin bango.

"To, mu ƙara mako ɗaya mu gani. Wani lokacin yana yin haka."

A hanyar gida ya yi wa kansa alkawari: da an gama ɗakin taron zai mayar. Aka gama ɗakin taron ranar Laraba. Ranar Alhamis ɗan kwangila ya ce akwai bene, matakala ashirin da biyu da ɗakuna shida. Ya ce to, da an gama benen.

Mako na gaba lambar ta sauko sha tara. Likita ta zauna, ta daɗe tana duba katin Kofur, tana bubbuga biro a tebur.

"Na farkon ya gaza," in ji ta. "Ban so ba, amma dole in ƙara masa wani. Wannan yana da ƙarfi, yana wahalar da ciki, yana iya taɓa hanta. Ba na ba da shi sai na rasa yadda zan yi. Baba, ka yi haƙuri, zai sha wuya."

"In dai zai tashi, 'yata."

Mai Tayil yana tsaye taku biyu daga teburin, maganin da aka ce ya gaza yana aljihunsa, yana jin kaifin ambulan ɗin a ƙirji. Bakinsa ya buɗe. Ya tuna matakala ashirin da biyu, ya tuna masu gwiwa a bakin ƙofa. Abin da ya fito shi ne, "Sau nawa a rana, Likita?"

Bai taɓa sabon maganin ba, don ba ya yi wa gwiwa komai. Har yana ƙirga wannan a cikin kirkinsa. Sababbin fararen ƙwayoyin da aka ƙaro kuwa, tun kafin su kwana a gwangwani ya musanya su. Ragowar matarsa ta ƙare, ya saya a kemis, wannan ba a neman takarda.

Kofur ya fara amai. Ya ci, ya zagaya bayan randa ya mayar, ya dawo yana kaɗa jela a hankali kamar mai ba da haƙuri. Matar gida ta zuba toka tana tsaki. Ƙasusuwan bayansa suka fito, Baba yana bin su da yatsa yana ƙirgawa.

"Auta, ya rame ko hannuna ne?"

"Sabon maganin ne, Baba. Ai ta faɗa."

Shi kuwa Mai Tayil sai cika yake yi. Kumatu suka taso, wuya ya yi kauri, maɓallin riga ya ƙi shiga. A wurin aiki yakan cinye nasa ya leƙa kwanon wani. Jarkar ruwa ba ta kai masa la'asar.

"Kai, kwangilar nan ta karɓe ka!" in ji mai fenti daga kan tsani. "Dubi fuska kamar wata ɗan daren sha huɗu. Ka faɗa mana sirrin, mu ma mu daina kama da tsinke."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da bubbuga tayil.

Wata Talata ya dawo da yamma ya tarar da mai aski zaune a tsakar gidansa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ashe da hantsi Baba da Kofur sun fita, sun kai tsakiyar hanya, karen ya kwanta a rana ya ƙi tashi. Baba ya ja, ya lallasa, ya kira shi Saje, ya kira shi Manjo, ko motsi. Tsohon ya tsaya nan da igiya a hannu, bai san gabas ba bai san yamma ba, babura suna kewaye shi suna zagi, har Allah ya sa mai aski ya leƙo.

"A baro na kawo shi," in ji mai aski. "Malam, karen nan ba lafiya. Ni ba likita ba ne, amma na ga harshensa kamar takarda."

"Rana ce ta buge shi," in ji Mai Tayil. "Mun gode, Allah ya saka."

Daga ranar Kofur bai sake fita ba, Baba ma haka. Kujerar roba ta koma bakin ɗaki ta zauna. Karen yana kwance a gefenta, yana haki ko da inuwa, in ya tashi zuwa kwanon ruwa sai ƙafafun baya su harɗe. Da safe Mai Tayil ya ɗaga leɓe ya ga dasashi fari fat kamar tayil ɗin banɗaki.

"Yaya?"

"Ja ne. Bai dai kai na jiya ba."

Ya ce a ransa ranar awo ta kusa, Likita za ta san abin yi. Ya ce yau da yamma zai mayar da ko rabi ne. Da yamma ya hau matakala ya sauko ba tare da ya dafa bango ba, sai ya ce gobe. Bayan kwana biyu farin ya juye rawaya, har cikin idon karen.

Ranar Asabar da safe ya saɓa jaka, Baba ya kira shi. Bai ce ya ara masa ido ba.

"Auta, zo ka tsuguna nan."

Ya tsuguna.

"Gwiwarka ta daina kuka."

"Da sauƙi, Baba."

"Matso."

Tsohon ya miƙa hannu biyu ya kama fuskarsa. Ya shafa kumatu, ya shafa ƙarƙashin haɓa, ya zagaya bayan wuya, a hankali, kamar mai sayen tukunya.

"Wannan ba fuskar da na haifa ba ce." Ya sauke hannu. "Likita ta ce mai shan maganin nan zai sha ruwa kamar raƙumi, ya yi ta fitsari. Kwanon Kofur tun shekaranjiya ban ƙara masa ruwa ba. Amma murfin randa ba ya hutawa a gidan nan. Ƙofar banɗaki kuma jiya sau shida na ji ta kafin asuba, kuma takunka ne."

"Baba, zafi ake yi..."

"Yi min shiru."

Ya zaro ƙwaya ɗaya daga gwangwani ya ɗora a harshe, ya ɗan tsotsa, ya tofar a tafin hannu.

"Ta farko na taɓa lasa, don in san abin da nake ba shi. Ɗaci kamar maɗaci, sai na yi kokawa da shi yake haɗiyewa. Wannan alli ce." Ya ɗaga murya. "'Yata! Zo nan."

Matar ta fito daga kicin tana goge hannu a zani.

"Duba bakin karen nan ki faɗa min launinsa. Ki ji tsoron Allah."

"Baba, ni fa ka san ba na taɓa..."

"Ba sai kin taɓa ba. Mijinki zai ɗaga miki, ya saba."

Mai Tayil ya ɗaga leɓen. Matar ta kalli bakin karen, ta kalli mijinta, ta kalli ƙasa.

"Rawaya ne, Baba."

"Tun yaushe?"

Can cikin kicin tukunya tana tafasa tana zuba a wuta, ba wanda ya motsa.

"Kwana goma kunnena yana faɗa min, ina ƙaryata shi," in ji Baba. "Na ce kunne ne na tsufa. Na ce ɗana ba zai yi min haka ba. Da na yarda da kunnena na ƙi yarda da kai, da yanzu yana tsaye. Wannan laifin nawa ne, zan ɗauka. Ɗauke shi mu tafi."

Mai Tayil ya ajiye jaka, ya sa hannu ƙarƙashin karen ya miƙe da shi tsaye lokaci ɗaya. Gwiwar ko ƙas ba ta ce ba. Haka ya bi titi da kare a ƙirji, Baba yana riƙe da gefen rigarsa, masu shaguna suna leƙowa. Bai tsaya hutawa ko sau ɗaya ba, kuma ya san da ƙarfin wa yake tafiyar.

Likita ta sha wuya kafin ta samu jijiya. Jinin da ya fito tsararo ne kamar an surka. Inji ya juya ya tsaya.

"Tara." Ta cire bututun ta duba a haske. "Ban gane ba. Magani biyu, kuma kamar ba a ba shi komai."

"Faɗa mata," in ji Baba.

Mai Tayil ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a tebur. Baba ya laluba ya ajiye gwangwaninsa a gefe. Likita ta zazzage wannan, ta zazzage wancan, fari a dama, rawaya a hagu. Sannan ta ɗago ta kalli fuskar mutumin sosai, karo na farko. Ta cire tabarau.

"Mako nawa?"

"Biyar."

"Ranar da na ƙara masa wancan maganin, kana tsaye nan, wannan yana aljihunka?"

"Na ɗauka tun da ta ƙarin jini ce..."

"Ka ɗauka, ko ka so ka ɗauka? A gabanka na yi bayani. Ba yin jinin ne ya gagare shi ba, kashe shi ake yi. Tulu ya ɓule a gindi kana ta ɗura ruwa ta baki. Ni kuma ka bar ni ina karanta lambar ƙarya, na ɗora masa abin da ya ƙone masa ciki a banza. Da ka buɗe baki ranar, kalma ɗaya, da yanzu muna maganar rage magani ne."

Ba ta jira amsa ba. Ta yi wa Kofur allura, ta ɗauki waya ta kira wani mai babban kare, ta roƙe shi ya kawo a ɗebi jini a ƙara wa wannan. Mutumin ya ce yana wajen gari, sai nan da awa guda.

Suka jira. Baba ya ce a sauko masa da karen ƙasa, ya zauna a daɓe ya ɗora kan a cinyarsa. Yana shafa kunnen yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, labarin wani dare da suka kori ɓarayi uku daga sito, wa ya kama ƙafa, wa ya busa usur. Mai Tayil yana tsaye jikin ƙofa, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ba a kai rabin awa ba hakin karen ya yi tsawo, ya yi tsawo, ya tsaya. Baba ya fi kowa saurin sani. Ya bar hannunsa a kan haƙarƙarin har wani lokaci, sannan ya kwance igiyar wuyan ya naɗe ta ya sa a aljihu.

Likita ta sake kiran mutumin ta ce ya koma. Ta tattara fararen ƙwayoyin ta mayar a ambulan, ta miƙa wa Mai Tayil. Ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Na daina, Likita. Wallahi daga yau na daina."

"Kar ka kuskura. Mako biyar kana sha, jikinka ya saki nasa aikin ya dogara da ita. In ka yanke yau, za a iya kwasar ka a ƙasa. Kana da suga?"

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya kyauta. Ka sha ta yau, ka sha ta gobe. Litinin da sassafe ka je asibitin mutane, ka kai musu ambulan ɗin nan yadda yake, su rage maka a hankali. Ni dabbobi nake dubawa."

A bayan gida ya haƙa ramin, shi kaɗai. Matarsa ta kawo masa ruwa ta tsaya daga nesa.

"Ƙaddara ce, Baban yara. Ko da an ba shi, wa ya sani? Ai ta ce ciwon mai kisa ne."

"Koma ciki," in ji shi.

Ba wanda ya daki Kofur, ba wanda ya hana shi abinci. In an tambayi maƙwabta za su ce gidan nan sun yi wa kare abin da wasu ba sa yi wa mutum, duk mako asibiti. Ƙwaya ce ƙarama da ba ta kai ƙwayar wake ba, aka ɗauke ta daga bakin wanda ba ya magana, ta hannun wanda ba ya gani. Irin wannan satar ba ta fasa ƙofa, shi ya sa gidaje da yawa suke yin ta su kwana lafiya. Wani abincin tsohuwa yake ragewa, wani maganin mara lafiya, kuma kowa da dalilinsa mai kyau, kowa iyali yake ciyarwa. Da yamma Mai Tayil ya tsaya a bakin randa da farar ƙwaya a tafin hannu, Baba yana zaune taku uku daga gare shi yana ji, ya haɗiye ta.

Litinin Baba ya riga shi shiryawa. Ya ce tare za su je.

"Baba, ka zauna, layi ne mai tsawo."

"In ka tafi kai kaɗai za ka ce musu mai kemis ne ya ba ka. Wuce."

Ya ɗora yatsa biyu kawai a kafaɗar ɗansa, suka tafi. A asibiti benci ya cika, mata da goyo, tsofaffi da kati a hannu. Da layi ya zo kansu, nas ɗin da ke teburin karɓa, wata mai murya kamar lasifika, ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago ba.

"Me ke tafe da kai? Wane magani kake sha?"

Ya miƙa ambulan. Ta juya shi. A jikinsa akwai tambarin tafin kare, ƙarƙashi an rubuta suna da nauyi.

"Kofur, kilo ashirin da shida." Ta ɗago ta kalle shi daga sama har ƙasa. "Malam, kai ne kilo ashirin da shida? Wannan ai na asibitin dabbobi ne! Wa ya rubuta maka?"

Wata mata ta toshe baki da mayafi. Mai Tayil ya sunkuyar da kai.

"Ba shi aka rubuta wa ba, 'yata," in ji Baba daga bayansa, a fili, yadda na ƙarshen layi zai ji. "Mai maganin ya mutu shekaranjiya. Wannan magajinsa ne, tun mai abu yana da rai ya ci gadon. Ki duba min shi da kyau, ɗana ne. Shi kaɗai ya rage ya ja ni."